Mamurɗan da Suka Cije

Mai gyaran kayan kiɗa yana shirin rufe shago bayan magariba, sai wani dogon mutum ya shigo ba sallama, rungume da tsohuwar jita.

"Mamurɗan sautinta sun cije," in ji shi. Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Mai gyara ya gwada murɗawa, ko motsi. Ya sa sukundireba ya ɓanɓare na farko, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi ta zubo kan teburi, tana warin rami. Ya goge, ya kafa sababbi, ya jona jitar da lasifika.

"Gwada mu ji, malam."

Baƙon ya ƙure sautin. Bai taɓa tsirkiya ko ɗaya ba, amma lasifikar ta ɗauki tari. Tarin tsohuwa ne, da kiran suna a tsakani. Mai gyara ya san tarin nan sarai. Shekaru ya yi yana jinyar mahaifiyarsu shi kaɗai, yayansa kuwa yana yawon kiɗa gari-gari, har ajali ya same shi a can.

"Ban taɓa ji ba, Auta," in ji baƙon. "Lokacin da take kirana, kiɗa ya toshe mini kunne."

Mai gyara ya dubi ƙafafun mutumin, ya ga ba su taɓa ƙasa ba. Tsoro bai zo masa ba, haushi ne ya turnuƙe shi.

"To, Yaya," ya ce, "zauna ka ji. Ba zan rage sautin ba."