Ɗakin Jan Ƙasa na Hanyar Araba

Shamsu yana tsaye kan kujera a zauren Alhaji Bashar, yana rataye wata 'yar na'ura a bango, ya ji murya a bayansa.

"Mi kake ratayewa a gidanmu, Malam? Laya ce?"

Ya waiwaya, kujerar ta yi rawa, zuciyarsa ma ta yi. Humaira ce, autar Alhaji, da tulun ruwa a hannu. Ya yi mata bayani da in-ina: digiri na biyu yake yi a jami'a a Sakkwato kan ilimin gine-gine, ya dawo Illela ne ya auna zafin ɗakuna, na siminti da na ƙasa.

"Duk wanga karatu don ka gano ana zafi Illela?" Ta yi dariya. "Da ni ka tambaya, da na hutasshe ka."

Na'urar sati guda take bukata kafin a duba ta, amma Shamsu kullum sai ya zo dubawa. Kafin wata ya ƙare, saƙonnin waya sun fara tafiya tsakaninsu.

"Injiniyana, yau nawa ma'auninka ya nuna?"

"Arba'in da huɗu, Humairata. Amma da na ga saƙonki sai na ji sanyi har cikin raina."

Aikin bincikensa ɗaki biyu ne da ya gina a filin gadonsa kan hanyar Araba, da tubalin jan ƙasa da aka matse a inji. Bango mai kauri, tagogi kudu da arewa, da ƙananan kafofi can sama inda iska mai zafi ke fita. Nan yake burin ajiye Humaira.

To, Alhaji Bashar siminti da kwanon rufi yake sayarwa har ƙetaren iyaka. Da manyan Shamsu suka je neman aure, bai ɓoye musu ba.

"Ni da ka saida siminti in kai ɗiyata ɗakin laka? Mi mutane za su ce a kasuwa?"

Ga kuma Mukhtari, ɗan abokin cinikinsa, mai gidan bulo da tayil, yana ta sintiri wajen neman Humaira. Shamsu ya ji labari ya kwana biyu bai iya cin abinci ba, ya kuma daina rubuta saƙo. Humaira ce ta katse shirun.

"Fushi kake da ni kan abin da ban yi ba? Ni kai niz zaɓa, ko bukka ce ka gina."

Mahaifiyarta ta yi ta lallashi har Alhaji ya yarda zai je ya ga ɗakin da idonsa, don dai ya sami bakin cewa a'a. Ya aika cewa Shamsu ya same shi can ƙarfe biyu na rana. Sai ga saƙon Humaira.

"Ka bar ƙofa buɗe, ka shimfiɗa tabarma da matashi. Kada ka tai sai an kira la'asar."

"In bar Baba shina jirana? Kin san mi wanga ka nufi?"

"Na san Babana. Tun shigowar bazara bai yi barcin rana ba, zafin turakarsa ya hana shi. Ka yarda da ni, masoyina."

Barin dattijo yana jira rashin kunya ne da kan iya rushe magana gaba ɗaya, Shamsu ya san haka. Amma ya yarda da ita. Ya laɓe ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro yana hango motar Alhaji, gumi na zuba, yana karanto duk addu'ar da ya haddace. Sau uku ya miƙe zai tafi, sau uku ya koma ya zauna.

Da aka kira la'asar ya ƙarasa bakin ƙofar. Ya yi sallama, shiru. Ya leƙa. Alhaji ne kwance kan tabarma, hula a gefe, yana minshari hankali kwance.

Sai a sallama ta uku ya farka. Ya dubi silin yana neman fanka, bai gani ba. Ya shafa bango da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Yaro, ka makara."

"Ka gafarce ni, Baba."

Alhaji ya ɗora hularsa, ya gyara murya. "Ka ce ma manyanka su dawo ran Juma'a. Kuma in ka gama karatun, ka zo ka duba min turakata."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure, sati biyu bayan Shamsu ya kare kundin bincikensa gaban malamai. Mata 'yan jere suka shigo ɗakin jan ƙasar suna taɓe baki, suka ƙare da ƙin tashi saboda sanyinsa. Alhaji da kansa ya riƙe hannun Shamsu a taron.

"Na ba ka ɗiyata da zuciya ɗaya. Allah shi sanyaya zamanku, shi ba ku zuri'a ta gari."

Da gida ya watse da yamma, Humaira ta yaye mayafinta ta dube shi, idanunta cike da hawaye.

"Da Baba bai yi barci ba fa, Injiniyana?"

Shamsu ya riƙe hannunta. "Da har yanzu ina ƙarƙashin bishiyar nan ina jiranki."