Turaren Da Shamsiyya Ba Ta Ji

A bikin wata ƙawarta a Yashe Shamsiyya ta fara ganin Kamilu. Ya zo ɗaukar ƙanwarsa a babur, ya tarar da ita a zaure tana karanta wani littafi da bangonsa ya yage.

"Ya sunan littafin?"

"Ni ma ban sani ba, haka na aro shi."

Ya yi dariya. Da sati ya zagayo ya biyo ta har Kusada da littattafai uku masu bango.

Daga nan soyayya ta ƙullu har aka sa rana. Saura wata biyar bikinsu ciwon kai ya matsa mata, ganinta ya fara dishi-dishi. A Kano aka gano ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwarta. Ba a tsaga kai ba, ta hanci aka bi da siririyar na'ura aka ciro shi. Gani ya dawo, amma hanci ya toshe, da baki take numfashi, ƙamshi da wari duk suka zama ɗaya. Likita ya ce ta riƙa wanke hancin da ruwan gishiri, ta guji hayaƙi, ta yi haƙuri.

Ana gobe kai amarya Gwaggo Lami ta ja ta ƙuryar ɗaki. "Kamilu ya san an yi aiki, wannan ya isa. Maganar ƙamshi ki binne ta. Wace uwar miji za ta so surukar da ba ta san tuwo ya ƙone ba?"

Ta ce to. Wannan "to" ɗin har yau tana cizon yatsa a kansa.

A gidan aurenta na Kankia kullum la'asar sai ta cika kasko da turaren wuta kamar kowace amarya, ta zuba humra ba awo, tunda ba ji take ba. Kamilu ya shigo ya yi ta atishawa, ya ɗauki tabarma ya koma tsakar gida. Ita kuwa ta ɗauka gudunta yake, sai ta ƙara turaren. Hancin ya bushe, yana fitar da gudajin jini, ta ɓoye.

Wata Juma'a mahaifiyarsa ta zo musu yini. Shamsiyya ta ɗumama miyar taushen jiya ta kawo da fara'arta. Loma ɗaya Inna ta kai ta ture kwanon.

"Ɗiyar nan, raini ne ko ƙazanta? Miyar da tun daga ƙofa ake jin tsaminta? Kamilu, maida ta Kusada su ƙarasa koya mata."

Shamsiyya ta durƙusa, hawaye na zuba. "Inna, wallahi ban ji ba. Tun da aka yi mani aiki ban ƙara jin ƙamshin komai ba."

Kamilu ya dubi kaskon da ke ta hayaƙi a bakin ƙofa.

"Wata uku kina shaƙar abin da likita ya hana? Ni da na yi ta zirga-zirgar asibiti, ni za ki ɓoye wa?"

"Tsoro na ji, Malam."

Inna ta ce, "Kashe wannan garwashin. Da kin faɗa, ai da ba a kai nan ba."

Likita bai ɓoye musu ba, hayaƙin ya ja warkewar baya, mai yiwuwa ƙamshin ba zai dawo duka ba. Ta koma ruwan gishiri safe da yamma. Kamilu ya zama mai shinshina tukunya kafin a zuba, yana tsokanarta wai a yanka masa albashi. Sai a wata na bakwai da daina turaren, tana soya albasa, ta ji wani ɗan ƙamshi can nesa-nesa. Ta sulale ta zauna a ƙasan kicin tana kuka. Rabi ne ya dawo, rabin ya tafi ke nan.

Lalurar da aka faɗa ana taya mutum ɗaukarta, wadda aka ɓoye ita ke cin gida. Shamsiyya ta gane haka a makare.

Da Kamilu ya leƙo ya tambayi lafiya, ta share ido ta dube shi.

"Na yi maka alkawari, Malam. Daga yau duk abin da ke damuna, kai za ka fara ji."