Abin da Ya Kashe Yaya Ilyasu

"A danginku akwai wanda aka taɓa sa wa maganin barci don tiyata, bai farka ba?"

Madam Clémentine ce ta yi tambayar, matar da aikinta sa mara lafiya barci kafin likita ya taɓa shi da wuƙa. Hausarta ta kasuwa ce, cakuɗe da Fulatanci, amma kowa a ɗakin ya ji.

Nasiha ta buɗe baki... sai ta ji farcen mahaifiyarta ya nutse a cinyarta ta ƙarƙashin mayafi.

"Babu, Madam," in ji Hajiya Rabi'atu. "Gidanmu lafiya lau."

Ƙarya ce, kuma Hajiya ta sani.

Yayan Nasiha, Ilyasu, aikin gwaiwa kawai ya shiga a wani asibiti a kudu. Ana shaƙa masa iskar barci jikinsa ya sandare, ya ɗau zafi kamar tukunya a kan murhu. Gawarsa aka fito da ita. Kafin shi haka aka yi da ƙanen Hajiya. A gida aka ce zazzaɓi ne, aka rufe maganar.

Dalilin ƙaryar yana zaune a kan tabarma yana ɓare lemo. Gwaggo Zenaba ce, ƙanwar mahaifin Ziyad, saurayin Nasiha da aka sa musu rana bayan Babbar Salla. Ta ce dubiya ta zo. Kowa a unguwarsu ta Poumpoumré ya san ɗiyarta Su'ad take so Ziyad ya aura, kuma tun da aka ce Nasiha tana da ƙari a mara take yawo gida-gida tana jajanta wa ɗan yayanta. Kalma ɗaya take jira: ciwon gado.

Da Gwaggo ta fita alwala, Hajiya ta sunkuyo ta ja wa 'yarta kunne. Ta ce ajali ne ya ɗauki Ilyasu, ba magani ba. Ta ce yarinyar da aka ce jininsu da cuta ba ta auruwa a garin nan, har ƙannenta sai abin ya shafa. Uwa ce mai son 'yarta, amma ta fi tsoron bakin mutane a kan kabari, kuma irinta suna da yawa.

Washegari da safe Nasiha tana kwance cikin koriyar riga, cikinta ba ko ruwa tun jiya kamar yadda aka umarce ta. Zafin Garoua ya riga ya taso. Duk lokacin da ta rufe ido sai ta ga ƙafafun Ilyasu a ƙarƙashin farin ƙyalle.

Ziyad ya iso a babur daga Mayo-Oulo, inda yake sarin atamfa, ko gida bai biya ba. Ya tsaya a gefen gadon, ya ce mata ta yi kyau a rigar likitoci, da ma ita za ta sa ranar biki a huta da tela.

Ba ta yi dariya ba.

"Nasihata, mene ne? Wannan ba tsoron wuƙa ba ne."

"Yaya Ziyad... in ka ji wani aibu a jinina, za ka fasa?"

"Wane irin aibu?"

Kafin ta amsa masu tura gado suka shigo. Aka gangara da ita ta doguwar baranda, Hajiya tana bi tana tofa mata addu'a, Gwaggo a baya da carbi. Ƙofar ɗakin tiyata tana matsowa. Ta hango Madam Clémentine a bakin ƙofa, ta hango injin iskar a ciki, da baƙar robar da ake kifa wa mutum a fuska.



In ta yi shiru, ta yiwu wannan barandar ce ƙarshen abin da za ta gani. In ta yi magana, Gwaggo tana jin komai.

Ta kama ƙarfen gadon.

"Madam, ku tsaya! Akwai... yayana da kawuna. Duka biyun a barcin tiyata suka rasu. Jikinsu zafi ya yi."

Hajiya ta ɗora hannu a ka. Carbin Gwaggo ya daina motsi.

Madam Clémentine ba ta yi faɗa ba, amma fuskarta ta sauya. Ta sa aka mayar da gadon gefe, ta kira likita, suka yi magana da Faransanci cikin sauri. Sannan ta bayyana musu dalla-dalla. Ta ce masu bincike sun daɗe da gano cewa akwai zuri'ar da jikinsu ba ya jure wannan iskar, naman jiki ya ɗaure, zafi ya hau har zuciya ta tsaya. Maganin da ke kashe wannan zafin yana da wuyar samu, kuma yau ba su da shi a nan. Amma mai irin jinin yana rayuwarsa lafiya, ya haihu, ya tsufa, muddin an sani an kauce wa iskar. Za a yi mata allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, idonta biyu.

Ta juya ga Hajiya.

"Dada, da na bi amsarki ta jiya, da wataƙila yau kin koma gida ke kaɗai."

Hajiya ta zame ta zauna a ƙasa.

Idonta biyu aka yi aikin, kuma kada wani ya ce da sauƙi. Ta ji sanyin allurar a gadon bayanta, ta ji ƙafafunta sun yi nauyi sun ɓace. Tana jin ƙarar almakashi a bayan labulen da aka tare mata, tana jin ana ja ana turawa, ba zafi, sai tsoro. Madam Clémentine ta zauna a saitin kanta ta riƙe mata hannu, tana tambayarta kalar ankon biki.

"Babu biki, Madam," ta ce, hawaye na gangara cikin kunnenta.

"Ki fara rayuwa tukuna, yarinya."

An cire ƙarin, mahaifa lafiya. Kafin a fito da ita aka yi mata wata allura a fatar ciki don kada zafi ya taso mata gaba ɗaya.

Gwaggo kuwa ba ta jira fitowarta ba. Kafin azahar labari ya kai kunnen Alhaji Tahir, mahaifin Ziyad, an ƙara masa gishiri. Alhaji ya ce ba zai haɗa jikokinsa da jinin mutuwa ba. Ziyad ya durƙusa a gabansa ya ce ya ji, kuma gaskiya ne wasu 'ya'yan za su iya gada. Amma rashin sani ne ya kashe Ilyasu, su kuwa yanzu sun sani. Ya ce yarinyar ta faɗi gaskiya a gaban Gwaggo, tana sane da abin da za ta rasa, shi bai san inda zai sake samun irinta ba.

Kwanaki suka wuce, Ziyad bai zo ba. Nasiha tana takawa a baranda a hankali, dafe da ciki, tana kallon kowane babur da ya tsaya.

Ranar da za a sallame ta sai ga Alhaji Tahir da kansa, Ziyad a bayansa. Ashe sai da ya je ya zauna da Madam Clémentine ya yi mata tambayoyi har ya gamsu. Ya dubi Hajiya Rabi'atu ya ce rana tana nan yadda aka sa, amma da sharaɗi ɗaya: ta kira danginta na Tibati, babba da yaro, ta gaya musu abin da ya kashe Ilyasu.

Hajiya ta ɗauki waya ta fita.

Ziyad ya matso ya rage murya.

"Kin tambaye ni ko zan fasa, aka tura gadonki ban amsa ba."

"Na ji tsoro, Yaya Ziyad..."

"Ni ma, masoyiyata. A ƙofar ɗakin tiyata na tsaya har aka fito da ke."

Daga baranda suka jiyo muryar Hajiya tana karyewa a waya: "Yaya Halime, ki tara yaran. Ba zazzaɓi ba ne."