Sawun da Ya Tsaya a Bayan Dangar Kande

Liti ne ya yi wannan aika-aika. A faɗa da babbar murya kowa ya ji: Liti, ƙanin uban yarinyar nan, wanda ya ci tuwo a akushi ɗaya da marigayi, shi ya tara wa marainiyar ɗan'uwansa mutane da gorori da adduna. Kande ta faɗa a zauren mai unguwa, ta faɗa a bakin rijiya, kuma ba za ta daina ba sai ranar da aka rufe ta da ƙasa.

Da hantsi ne, a wani ƙauye da ke gefen Falgore. Kande na zaune tana ɓarar gyaɗa, jikarta Bahijja na wanke kwanuka a gindin zogale, sai suka ji hayaniya ta taso daga bayan danga kamar an taɓa amyar zuma. Kafin tsohuwa ta lalubo takalminta an banke ƙyaure. 'Yan sa-kai ne a gaba, shugabansu Salisu riƙe da gora, sai Audu mai shanun huɗa da idanu jawur, sai samari fal har waje.

"Ina mai kai wa ɓarayi rahoto?" in ji Salisu. "Ke, fito."

Allah sarki Bahijja! Marainiya ce gaba da baya. Uwarta, 'yar Kande tilo, ta rasu wurin haihuwarta, uban ya bi ta tun yarinya ba ta iya tafiya ba. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Kande ta raine ta, har Allah ya ba ta gurbi a jami'a a Kano, inda take haɗa karatu biyu, na halayyar ɗan Adam da na nazarin aikata laifi. Kande ba ta taɓa zama a aji ba, don haka da ta tambaya sai yarinya ta ce, "Iya, ana koya mana abin da ke sa mutum ya ɗauki abin da ba nasa ba, da abin da zai sa ya daina." Kande ta kwashe da dariya ta ce, "Yo kwaɗayi ne da rashin tsoron Allah. Wannan har sai an hau mota an je Kano?"

To, maganar nan ce ta shiga bakin mata ta fito da ƙafafu. Da ta zo gida hutu, kafin hutun ya yi nisa, ko'ina cewa ake jikar Kande in ta kalli ƙwayar idon mutum sai ta karanta abin da ke cikinsa, ɓarawo kuwa ko ya sa rawani sai ta nuna shi. Bahijja ta yi ta rantsuwa: "Wallahi ba duba nake koya ba. Littafi ne da tambayoyi kawai." Ina! Wa zai saurare ta?

A shekarar kuwa shanu na ta ɓacewa a yankin, kowa kuma ya san ɓarawon nesa ba ya sanin turke sai ɗan gida ya nuna masa. Ranar da Bahijja ta je gaida baffanta Liti, tana durƙushe tana cewa "Baffa, ina wuni," sai ya juya fuska ga bango ya ce ciwon ido yake, ta tashi ta tafi. Daga ranar ya kama bin majalisa yana zuba guba. Wai yarinyar a gidan yari take wuni tana hira da ɓarayi. Gaskiya ne ta je, ita da 'yan ajinsu da malamansu, don jin ta bakin ɗaurarru. Amma Liti bai faɗi wannan ba. Cewa yake, "Wanda ya san halin ɓarawo haka, ai nasu ne."

Sai aka wayi gari an kwance bijiman Audu. Aka bi sawu kamar yadda aka gada, domin a nan inda sawu ya tsaya, nan ake tambaya. Sawun ya ratso gonakin dawa ya zo daidai bayan dangar Kande, ya ɓace a kan fako, ga kuma igiyar bijimi rataye a jikin dangar.

Suka finciko yarinyar, kumfar sabulu na hannunta. Wani ya shiga ɗaki ya kwaso littattafanta ya watsa a murhu. Ta miƙa hannu za ta ciro ɗaya, Salisu ya sauke mata gora a kan hannun... ƙarar ƙashin nan har yau tana kunnen Kande. Tsohuwa ta rarrafa ta kwanta a kan jikarta, ɗankwalinta ya faɗi, furfura a waje, tana jin zuciyar yarinyar na bugawa a ƙarƙashinta kamar ta kazar da aka kama. Ta san abin da ake yi wa wanda aka kira mai kai rahoto. Ba a kai shi ko'ina; a nan ake gamawa.

"Ku fara da ni," ta ce. "Salisu, ni na yanke maka cibiya. Audu, kai ma ka sha kununa. Ku kai mu gaban mai unguwa, in ita ce ku haɗa mu ku kashe. Ya Allah, Kai ne gatan maraya..."

Da ƙyar aka yarda. Aka tasa su gaba, ana tofa musu yawu, matan da suka sha man gyaɗa a hannun Kande suna leƙe ta kan katanga ba wadda ta fito ta cece su.

A zauren mai unguwa Liti ya miƙe, har da share hawayen ƙarya. Ya ce da asuba shi da ɗansa Halliru suna hanyar masallaci suka ga Bahijja a bayan danga tana waya, wasu mutane na kora shanu. Halliru ya tashi ya maimaita, ba ragi ba ƙari, kamar mai biya karatu. Waje ya ɗauki gunaguni. Mai unguwa ya kalli gororin da ke ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Bahijja na rungume da karyayyen hannunta, leɓɓanta sun bushe. Ta ɗago kai ta ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. A fitar da Baffa waje. Yaya Halliru ya sake ba da labarin, amma ya faro daga ƙarshe ya koma farko. An koya mana wanda ya ga abu da idonsa zai iya. Wanda aka kitsa wa, da wuya."

"Kun ji ko?" in ji Liti. "Tsafin bokon ne za ta fara."

Audu ya ɗaga hannu. "Ni shanuna nake nema, Malam Liti. Fita."

Aka fitar da shi. Halliru ya tsaya yana muzurai. Ya ce sun isa masallaci. Bahijja ta ce, "Kafin nan fa?" Ya ce sun gan ta tana waya. "Kafin nan fa?" Ya buɗe baki ya rufe. Yarinya ba ta yi komai ba, kallonsa kawai take da idanun da suka kumbura da kuka, tana jira. Gumi ya keto masa, ya kare fuska da hannun riga.

"Ku ce ta daina kallona," ya ce. "Ku ce ta daina... Baba, ai na gaya maka za ta gani. Na ce kada mu rataya igiyar nan."

Kande ta kifa goshi a ƙasa tana kuka tana hamdala.

Kafin la'asar an samo bijiman a wani kango wajen Rogo Sabon Gari, suna jiran motar da za ta kwashe su. Ashe duk shanun da suka ɓace Liti ne ke nuna turke, tsoron idon marainiya ne ya sa ya so a kawar da ita kafin ta "karanta" shi. Hukuma ta tafi da shi da ɗansa, alƙali ya ɗaure su, yau suna can cikin ɗaurarrun da ya ce tana zuwa hira da su. Audu ya zo har gida ya durƙusa ya nemi gafara, shi ya kai ta wurin mai ɗori. Bahijja ta koma Kano, ta koyi rubutu da hagu, ta gama digirinta da sakamako mai kyau, har malamanta suka riƙe ta tana taya su aiki. Mahaƙurci dai ba ya taɓewa.

Amma kada wani ya ce wa Kande magana ta ƙare. Hannun nan na dama ya ɗoru a karkace, ko tulu ba ya ɗagawa. In aka buga ƙofa da ƙarfi, yarinyar da ke koya wa wasu yadda tsoro yake sai ta zabura ta nemi bayan kakarta. Salisu kuwa yana nan yana yawo da gorarsa, ko sannu bai ce ba. Shi ya sa duk safiya Kande ke ɗaukar bangon littafin da ta tsamo daga toka, ta je ta zauna a ƙofar zauren mai unguwa, ta ƙi tashi.

"Liti ya amsa nasa," take cewa. "Saura wanda ya ɗaga gora tun ba a yi tambaya ba. Ranka ya daɗe, a kira Salisu ya tsaya inda jikata ta tsaya, ya gaya wa jama'a wa ya ba shi hannun marainiya ya karya."