Bidiyon da Na Tura wa Baba Goni

"Musbahu, duba nan... lambar waye wannan?"

Falmata ce ta miƙo min wayar mahaifinta a zauren gidansu da ke Gafasa, kwana tara da rasuwarsa. Saura wata biyu a ɗaura mana aure.

Lambata ce. Bidiyon ma na gane shi tun kafin ta danna.

Baba Goni ya shekara shida yana allurar ciwon suga. Ni kuwa tunda ya ba ni 'yarsa nake neman abin da zan faranta masa da shi. Wata rana ina shagona a Gaya na ga wani mutum a TikTok cikin farar rigar likitoci, yana rantsuwa wai allurar ce ke kashe ƙoda, wai a dafa ganyen mangwaro a sha, kwana bakwai an warke. Dubban mutane suna ta sa masa albarka. Ban tambayi kowa ba, na tura wa Baba Goni.

"Abar ƙaunata, wallahi alheri na nufa..."

"Na sani!" Hawaye suka zubo mata. "Ina kuka ina roƙonsa kar ya bar allurar, ya ce min, 'Ɗana Musbahu ne ya turo. Yaron ya yi boko, ba zai cuce ni ba.'"

Na durƙushe a ƙasa. A gonar gyaɗa aka tsinci Baba a sume, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Da hannuna na zuba masa ƙasa, ban san barin allurar ne sanadi ba.

"Inna ta sani?"

"Ba ta sani ba, Yaya Ali ma haka. Ba kuwa za su ji a bakina ba. Na yafe maka, Musbahu."

"To... auren fa?"



"Ina son ka, Allah ne shaida. Amma kullum na buɗe ido na gan ka, Baba zan gani kwance a gona. Ba zan iya ba..."

Ta shige gida tana toshe baki da mayafi.

Shekara guda ke nan. Mutumin TikTok ɗin yana nan, jiya ma ya saki sabon bidiyo kan hawan jini. Ni kuma har yau na kasa goge amsar da Baba ya aiko min, muryarsa cike da murna:

"Na gani, ɗana. Gobe zan fara. Allah ya yi maka albarka."