Silinda Mai Jan Ƙyalle

Da hantsi aka tsamo gawar Yeison a ƙarƙashin jirgin Kyaftin Haylock, a gaɓar Kaukira, cikin ruwan da bai wuce ƙirjin babba ba. Shekararsa goma sha biyu. Silindar iskar nutso na goye a bayansa, ko rabi bai sha ba. Kafin Sajan Ermelinda Bordas ta iso, gari ya gama yanke hukunci. Wasu sun ce Liwa, aljanar ruwa, ce ta ɗauke shi, wasu sun ce laifin ubansa ne da ya koya masa nutso. Mu nan haka muke, abin haushi. In mai jirgi na kusa, ko aljani ko talaka ake ɗora wa laifi.

Sajan ta duba leɓen yaron, jajir, ba irin na wanda ruwa kawai ya ci ba. A wuyan silindar an ɗaura jan ƙyalle.

Ta fara da uban, Wilmor, wanda nutso ya shanye wa ƙafafu. Tun daga nesa ya miƙo mata hannuwa.

"Ɗaure ni, Sajan. Ni na kashe shi, ni na koya masa."

"Kai ka ba shi silinda?"

"Ina na ga silinda? Ko sandar nan aro ce."

"To janye hannunka. Ba kai nake nema ba."

Daga nan sai rumfar Dama Ofelio, tsohon da ke ɗura wa silindun jirage iska. Injin na cikin ɗaki, salansarsa na kallon bututun da ke zuƙar iskar.

"Dama Ofelio, hayaƙi kake ɗura wa mutane?"

"Ranar ruwan saman nan kaɗai na kunna shi a ciki, 'yata. Da masu nutso suka dawo da ciwon kai da amai, ni na ɗaura wa silindun jan ƙyalle, na ce wa Kyaftin a saki iskar. Ya ce shi ba ya ɓarna."

Ta tarar da Haylock a kan jirginsa, yana cin kifi da soyayyar ayaba, hankali kwance.

"Silindu masu jan ƙyallen nan, na wane aiki ne?"

"Na kankare gindin jirgi. Manya sun ƙi su, yara kuwa ba su da tsirfa. Zurfin ruwan nawa yake, Sajan? Akuya ma ta ƙetare. Liwa ce, tambayi kowa."

"Hayaƙin inji ba ruwansa da zurfi," in ji ta. "Barci yake sa mutum, robar shaƙar iskar ta suɓuce daga baki, ruwa ya ƙarasa. Ka sani sarai. Manya za su iya maka yajin aiki, shi ya sa ka ware wa yara."

"Iskar nan lafiyarta ƙalau, na rantse da kabarin uwata."

Gaɓa ta cika maƙil, har Wilmor an ɗauko shi a kafaɗa. Sajan ta jawo silindar Yeison, ta murɗa ta, ta kai robar bakin Kyaftin.

"Bar uwarka ta huta. Shaƙa mu gani."

Ƙaton mutum ya datse haƙora ya kau da kai, kamar yaron da aka kawo wa magani. Ta bi shi da robar, ya sake kaucewa. Sai ta sa masa ankwa.

Ma'aikatan jirgin sun ce da aka miƙa wa Yeison silindar da safe, har godiya ya yi.