Notin Ƙarshe na Furofela

Rana ta kusa faɗuwa direban da 'yan tasha ke kira Sai-Gobe ya kama hanyar bayan gari, da buhunan siminti a tsohuwar a-kori-kurarsa. Sunan bai same shi a banza ba. Tun watan jiya bakanike ya shiga ƙarƙashin motar, ya girgiza furofela, doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ya ce kuros ɗin da ke gaɓarta ya cinye. Sai-Gobe ya sayi sabo ya jefa ƙarƙashin kujera, ya ɗura wa tsohon giris. Motar da ta wuni a gareji ba ta ciyar da gida, shi kuwa yara ba su san wani abu wai shi kuros ba.

A tsakiyar wani hawa ta fara. Ƙwas idan ya sa giya, ƙwas idan ya ɗaga ƙafa. Can kujera ta ɗauki rawa har haƙoransa na haɗuwa. Ya tsaya, ya tsine wa motar, ya haɗa da mai simintin da ya shanya shi tun azahar.

Birkin hannu ya mutu tun kafin ya saye ta, don haka ya bar ta a giya, ya cicciɓo ƙaton dutse ya yi wa tayar baya weji. Wannan kam ko Sai-Gobe ba ya ɗaga shi zuwa gobe. Motar da ke tsaye a giya furofela ce ke riƙe da ita. Wanda ya kwance ta babu weji, motar ya kwance wa ƙirjinsa.

Ya ɗauki sifana da sabon kuros ɗin, ya kunna fitilar wayarsa, ya kwanta ya ja jiki ciki. Ba gida a kusa, ba mota mai zuwa. Kwalta da sauran ɗumi. Warin ƙonannen giris ya cika masa hanci, inji na ƙyas-ƙyas yana hucewa.

Noti na farko ya fito. Na biyu ya yi gardama, sifana ta kuɓuce ta yi cikin duhu. Yana lalube aka sa masa ita a hannu.

Hannun da ya miƙo ta sanyi ƙalau, jiƙe da giris.

Bai juya ba. Akwai mutum kwance a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, inda ɗazu ba kowa. Numfashinsa na fita siii, kamar tayar da ta taka ƙusa.

"Ci gaba, direba," aka raɗa masa. "Duhu na yi."

"Wane ne?"

"Mai gyara. Na daɗe a ƙarƙashinta, na san ciwonta."

Ya so ya yi a'uziyya, harshe ya manne. Hannunsa kuwa aiki yake ba da izininsa ba. Na biyu ya fito, na uku ya faɗo masa a ƙirji. Sifana ta hau na ƙarshe.

"Ni ma nan na tsaya," in ji muryar. "Murɗa."

Sai ya ji ana jan abu a kan kwalta. Ƙiii. A hankali. Ya karkata ido.

Dutsen wejinsa ne, an ajiye shi daf da kunnensa. Bayan taya ba komai.

Hasken wayar ya faɗa kan na kusa da shi. Rigar bakanike, ƙirjin ya lotsa ciki, shatin taya kwance a kai. Ba fushi a fuskar, gajiya ce kawai.

"Karɓe ni, ɗan'uwa. Na gaji."

Noti ya saki.

Sunan Allah ya ƙwace daga bakinsa, ya mirgina. Furofela ta daki inda kansa yake. Motar ta taho da baya da simintinta, tayar gaba ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu, ta gangara ta faɗa rami. Wani mai babur ne ya tsince shi yana jan ciki a bakin hanya.

Ƙafar ta tafi ke nan, likita ya ce ba ta ƙara taka kuloci. Kawunsa, wanda ya sayar masa da motar da araha wai don zumunci, ya zo dubiya asibiti. Ya jira matar Sai-Gobe ta fita ɗibar ruwa, ya matso da kujera. Bai tambayi yadda aka yi ba.

"Ya yi maka magana?"

"Kawu, ashe ka sani."

"Yo ɗana, da na faɗa maka za ka saya? Ni ma haka aka sayar mini. Ai ka yi arziki, ƙafa kawai ya samu." Ya rage murya. "An jawo ta daga ramin, inji lafiya lau, fenti kawai take so. Mijin ƙanwarka na neman mota."

Ya tsani kawun nan har cikin ransa. Ya dubi ƙafarsa a naɗe, ya dubi ƙaramar 'yarsa da ke barci a gefen gadon da yatsa a baki.

"A yi mata shuɗi," ya ce. "Yana son shuɗi."